Inshorar lafiyar kare: ta cancanci kuɗin da ake zuba mata?

Yaya wannan inshora take aiki?

Kana biyan kamfani kuɗi duk wata ko duk shekara. Idan karen ya kamu da ciwo ko ya ji rauni, a yawancin tsare-tsare kai za ka fara sallamar likitan dabbobi daga aljihunka, sannan ka tura rasit a mayar maka. Ba duka ake mayarwa ba. Akwai kason farko da ke wuyanka, ragowar kuma a biya ka kashi 70, 80 ko 90 cikin 100, har zuwa iyakar da aka yanka wa shekara.

Mene ne ba ta biya?

Nan ya kamata a buɗe ido. Ciwon da ya riga ya bayyana kafin rajista, ko a cikin kwanakin jira na farko kafin inshorar ta fara aiki, ba ya shiga. A ce kare ya taɓa ɗingishi har likita ya rubuta a katinsa. In daga baya jijiyar gwiwar ta tsinke, kamfani na iya cewa tsohon ciwo ne. Wasu ma idan gwiwa ɗaya ta taɓa samun matsala sai su cire ɗayar daga inshorar. Allurar riga-kafi, maganin tsutsa da fiɗiya galibi sai an ƙara kuɗi.

Wane kare ne ya fi bukatarta?

Ɗan kwikwiyo mai lafiya, musamman na jinsin da aka sani da ciwon gado. German Shepherd da Labrador kan yi fama da matsalar ƙugu, masu gajeren hanci kamar Bulldog kuma numfashi ke wahalar da su. Kuɗin inshora yana hawa da shekarun kare, don haka jinkiri asara ce.

Ba gara in riƙa tara kuɗin da kaina ba?

Idan kana da ajiyar da za ta ɗauki tiyatar gaggawa yau ba tare da bashi ba, tarawa ta wadatar, kuma abin da ba ka kashe ba naka ne. Sai dai kare na iya haɗiye ƙashi ya toshe masa hanji tun asusun bai yi nauyi ba. A ganina wanda ba shi da irin wannan ajiya ya sayi inshorar haɗari da manyan cututtuka tun karen yana ƙarami, ƙananan hidimomi kuwa ya biya da kansa.