Masu jan labarin wasan tebur, don Allah ku daina raba dare

Akwai wasu marasa lafiya da na gaji da ganinsu a kan gadon gaggawa, ba don ba na son su ba, sai don na san bai kamata su kwanta a wurin ba. Matasa ne galibinsu, masu ciwon da ake rayuwa da shi: sikila, farfaɗiya, ciwon sukari, asma, amosanin gaɓɓai, da waɗanda gajiya ta maƙale musu tun bayan korona. Sun san ciwonsu ciki da waje, wasu ma sun fi ni haddace sunayen magungunansu. Amma sai a kawo su ranga-ranga, ka tambaya me ya faru a kwanakin nan, amsar ɗaya ce: "Sista, wasa nake shiryawa, ban samu barci ba."

Ga wanda bai san wasan ba: mutum huɗu ko biyar ne ke zama a kan tebur, ko su haɗu ta intanet, kowa ya ɗauki jarumi ɗaya a cikin labari. Mutum guda ne ke jan labarin, shi ke faɗin abin da suka tarar a hanya, shi ke yin muryar sarki da ta ɓarawo da ta dodo. In jarumi zai yi wani abu mai haɗari sai a jefa ɗan lido, wani mai fuska shida, wani mai fuska 20, a ga ko ya dace. Wanda ya fi shahara shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Zama ɗaya kan ci awa uku ko huɗu, labari ɗaya kuwa yana iya ɗaukar watanni, har shekaru. 'Yan wasa zuwa kawai suke yi. Mai jan labarin shi ke da aikin gida: taswira, sunayen garuruwa, maƙiya, tarko, me zai biyo bayan me. Kuma abin mamaki, masu jinyar nan tawa kusan duk su ne masu jan labarin.

Ku fahimce ni, ba wasan nake faɗa da shi ba. Ni kaina ina murna da shi. Ciwo mai daɗewa yana raba mutum da abokai, yau ba ka je ba, gobe ba ka je ba, jibi an daina kiran ka. Ga wani abu da ake yi a zaune, ko a kishingiɗe ma, wanda ke sa a neme ka duk mako, a yi dariya da kai, a manta da katin asibiti na 'yan awanni. Wanda ya ce ku bar shi bai san kaɗaicin jinya ba. Abu ɗaya nake faɗa da shi: raba dare wajen shirya shi.

Na san yadda take faruwa, domin kun sha ba ni labari. An yi kwanaki a kwance, ba a iya ko riƙe biro. Ga ranar zama tana matsowa. Sai wata yamma jiki ya saki, kai ya washe, tunani ya riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. Sai a ce bari a rama duk kwanakin da aka rasa kafin ciwon ya dawo. Ƙarfe goma ta wuce, sha biyu ta wuce, ana zana kogi. Maganin dare yana nan a gefe. Ƙarfe uku ana rubuta tarihin wani waziri. Washegari ko jibi, ciwon da ake gudun dawowarsa ya dawo, kuma kai ka buɗe masa ƙofa. Sai a sake kwanciya, a sake jin an yi wa abokai laifi, a sake jiran yammar da jiki zai saki don a rama. Haka ake ta zagaye.

Wani ƙanina mai farfaɗiya, wanda ya daɗe ciwon bai tashi ba, yayansa ya kawo shi da leɓe a fashe. Da muka buɗe jakarsa muna neman magungunansa, sai ga littafin rubutu cike da zanen wani birni: ganuwa, ƙofofi kowacce da sunanta, kasuwa, har da jerin sarakunan birnin da wanda ya kashe wane. Aiki ne mai kyau ƙwarai, na tsaya na duba. A ƙarƙashinsa kuma ga ɗan akwatin magani, na daren jiya yana ciki, na safe yana ciki. Da ya farfaɗo na tambaye shi, ya ce, "Sista, cewa na yi in gama ƙofar arewa sai in sha." Yayan nasa, wanda shi ma ɗan wasan ne, ya kalle shi ya ce, "To ai mu ba ta birnin za mu bi ba, mun riga mun yanke ta daji za mu shiga." Na rasa dariya zan yi ko faɗa. Faɗan na yi.

Ɗan uwa mai farfaɗiya, ba sai na yi maka dogon bayani ba. Rashin barci da tsallake magani suna sahun gaba cikin abubuwan da ke tayar da ciwonka, an gaya maka tun ranar da aka fara ba ka magani. Kai kuma ka haɗa su biyun a dare ɗaya saboda ƙofar arewa. Haba!

Masu sikila, ku ma ba ku tsira ba. Gajiya, ƙarancin ruwa a jiki, sanyi, damuwa, duk kun san su. Wata ƙanwata ta kwana shiri har gari ya waye, ta ɗan rintsa, da yamma ta zauna jan labari a ɗaki mai sanyin na'ura, tana ta sauya murya, robar ruwanta ko buɗe ta ba ta yi ba. Ta ce tun ana tsakiyar wasa ta ji bayanta ya fara, amma an kai wurin da ya fi daɗi, ba ta so ta ɓata wa mutane. Mutanen da ba ta so ta ɓata wa, su ne suka kwana a barandar asibiti suna jiran ta, kuma wasan bai sake zama ba sai bayan makonni. Me aka ci riba?

Masu ciwon sukari da ke yin allurar insulin ko shan irin su glibenclamide, in kun raba dare lokacin cin abinci ya rikice, lokacin magani ya rikice, sukari ya yi sama ko ya faɗi. Masu shan prednisolone na dogon lokaci, an ce muku ba a yanke shi kwatsam, kuma "na manta" ba ta canza hakan. Masu gajiyar nan mai daɗewa kuwa, naku ya fi yaudara, domin ba a daren za ku ji a jikinku ba. Yawanci sai bayan awa 12 zuwa 48 take kayar da mutum, wato daidai ranar wasan. Kuma aikin ƙwaƙwalwa ma aiki ne, kada wani ya ce min ai a zaune yake. Shi ya sa NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, a ƙa'idojin da ta fitar a 2021 kan ciwon gajiya mai daɗewa (ME/CFS), ta ɗora nauyi a kan mutum ya san iyakar ƙarfinsa ya tsaya a cikinta, ba ya riƙa matsa wa kansa ba.

Sai kuma kofi da lemon ƙara kuzari da ake ɗurawa don ido ya tsaya. Bayan kimanin awa 5 rabin sinadarin da ke hana barci a cikinsu (caffeine) yana nan a jini. Ka sha ƙarfe sha ɗaya na dare, ka ajiye biro ƙarfe biyu, sannan ka zo kana ce min ciwonka ne ke hana ka barci.

Babban mutum yana bukatar barcin awa 7 ko fiye, mai lafiya ma ke nan. Tun a 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashen da suka ci gaba, kusan rabin masu ciwo mai daɗewa ne kawai ke shan magani yadda aka rubuta musu. Ni abin da nake gani a wurinku ba ƙin magani ba ne. Kuna son maganin, dare ne ke cinye shi. Ku gyara dare, rabin rigimarmu ta ƙare.

Yanzu bari in faɗi abin da ba aikina ba, amma na ji shi daga bakin 'yan wasanku da suke rako ku. Yawancin abin da kuke kwana kuna rubutawa ba ya fitowa a tebur. 'Yan wasa ba sa bin hanyar da aka shimfiɗa musu, za ku shirya fada su tsaya hira da mai gadi. Abin da suke tunawa shi ne dariyar da aka yi da ɗan lido ya ci amanar wani, ba sunan kakan waziri ba. Ba shekarar labari gaba ɗaya ake nema a hannunku ba, zama mai zuwa kawai ake nema. Kuma in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza: yadda mai cikakkiyar lafiya ke shiri ba haka za ku yi ba, kuma wannan bai rage muku komai ba.

Ga abin da nake so, a taƙaice, don na san ba za ku karanta dogo ba:

- Ku sa lokacin rufe littafi, awa ɗaya kafin barci. Ƙararrawar waya ta buga, a rufe, ko ana tsakiyar jimla.
- Tunani ya zo cikin dare? Layi ɗaya a takarda ko saƙon murya na 'yan daƙiƙu, a koma a kwanta. Ba a buɗe kwamfuta.
- Shiri kaɗan-kaɗan da rana, minti 20 ko 30, a huta. Ranar da jiki ya yi daɗi ma haka. Musamman ranar.
- Magani da ruwa a kan teburin shiri da teburin wasa, inda ido ke gani.
- Zama mai zuwa kawai: wuri ɗaya, mutum uku, matsala ɗaya. Akwai labaran da aka riga aka rubuta aka buga, amfani da su ba abin kunya ba ne.
- A rage zama zuwa awa biyu, da hutu a tsakiya. In duk mako ya yi yawa, a koma duk mako biyu.
- Kada a sa wasa washegarin ranar asibiti ko ranar ƙarin jini.
- In an tsallake magani kada a ninka da ka. A tambayi likita ko mai harhaɗa magani tun yanzu me za a yi in hakan ta faru.

Na san abin da ke ƙarƙashin raba daren nan, kuma shi ya fi ba ni tausayi. Tsoro ne. Kuna tsoron in kuka ɗage zama sau biyu za a watse, a bar ku. Kuna so ku nuna ciwon bai rage ku ba. To ku ji, ɓoyewar ce ke watsa wasa. Masu wasan nan suna da wani zama da suke yi kafin a fara labari, inda ake yarjejeniya kan ranaku da dokoki da abin da kowa ba ya so. A nan za ku faɗa. Ba sai kun kawo takardar asibiti ba. "Ina da ciwon da wani lokaci zai sa in ɗage zama ranar da za a yi, wani lokaci kuma in tsaya a tsakiya." Shi ke nan. A naɗa wani a cikinsu wanda zai ja ɗan gajeren labari na zama ɗaya duk ranar da ba ku iya ba, don kada tebur ya mutu. A raba aikin: wannan ya riƙa rubuta abin da ya faru, wancan ya riƙe taswira, waccan ta kula da ranaku. Ban ga dalilin da mai jinya zai zama shi ne mai labari, shi ne magatakarda, shi ne mai kiran mutane a waya ba.

Ku kuma 'yan wasa, kunnenku nawa? In saƙon mai jan labarinku ya shigo ƙarfe uku na dare yana nuna muku sabuwar taswira, kada ku yaba masa. Ku ce masa ya je ya kwanta. In ya ɗage zama, ku ce Allah ya ƙara sauƙi, ku yi shiru, ban da "kash, na riga na shirya". Wannan kalmar ce ke hana shi barci mako mai zuwa. Kuma tunda kuna zama da shi awanni, ku san abin yi. Mai farfaɗiya in ya faɗi, a kawar da kujeru da abin da zai ji masa rauni, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, kada a danne shi, kada a cusa masa komai a baki, in jijjigar ta lafa a juya shi gefe ɗaya, a kuma duba agogo: in ta wuce minti 5, asibiti. Mai ciwon sukari in ya fara rawar jiki da gumi da ruɗewa, ko awon sukari ya nuna ƙasa da 70 mg/dL, a ba shi abin zaƙi nan take in yana iya haɗiya, in ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa komai, a tafi asibiti. Mai sikila da zazzaɓi, ko ciwon ƙirji, ko numfashi sama-sama, ba a jira a ƙarasa yaƙi da dodo.

Ranar asibitinku ta gaba, ku zo min da ranakun wasanku a rubuce. Mu ajiye su kusa da lokutan magani da na barci, mu ga inda suke karo, mu gyara. Littafin taswirar ma ku zo da shi in kuna so, zan duba, amma zan tambayi ƙarfe nawa aka zana kowane shafi.