Waiwaye: Lorella Zanardo da awa 400 na talabijin ɗin Italiya

A shekarar 2009 wani gajeren fim na minti 25 ya bazu a intanet a ƙasar Italiya. Sunansa Il corpo delle donne, wato jikin mata. Wadda ta shirya shi, Lorella Zanardo, ba daga makarantar fim ta fito ba. Ta yi shekaru tana aikin tallata kaya a kamfanin Unilever, a Milan da Paris, don haka ta san yadda ake sayar da kaya da fuskar mace tun kafin ta juyo tana tuhumar sana'ar.

Tushen maganar ya girmi fim ɗin nesa ba kusa ba. Gidan talabijin na gwamnati, RAI, ya fara watsa shirye-shirye a 1954, shi kaɗai ke cin karensa babu babbaka. A 1976 kotun tsarin mulki ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofar kafa tashoshin yanki. Silvio Berlusconi ya shiga ta wannan ƙofa, ya kafa Canale 5 a 1980, kafin ƙarshen 1984 ya haɗa da Italia 1 da Rete 4. Tashoshin nan da kuɗin talla suke rayuwa, talla kuwa tana bin inda idanu suka taru. Hanya mafi arha ta tara idanu ita ce a tsayar da budurwa da ɗan guntun tufafi kusa da namiji mai gabatarwa, shi da kwat da makirufo, ita da murmushi. RAI ma da ta ga kasuwa na kuɓuce mata sai ta bi sahu.

A 1988 aka fara shirin barkwanci na Striscia la notizia, inda 'yan mata ke kawo wa masu gabatarwa takardun labarai suna rawa. Ana kiransu veline. Kalmar tana da tarihi mai ɗaci: asalinta sunan siririyar takardar da gwamnatin kama-karya ta Mussolini ke aika wa jaridu da umarnin abin da za su buga. A hankali zama velina, wato ɗaya daga cikinsu, ya koma burin 'yan mata da yawa.

Tun kafin haka an taɓa ɗaga murya. A 1965 Cecilia Mangini ta yi fim ɗin Essere donne, inda ta buɗe da hotunan matan mujallu masu ƙyalli, sannan ta kai kyamara masana'antu da gonaki ta nuna matan da ke aiki da gumi.

Zanardo ta ɗauki wata hanya dabam. Ita da abokan aikinta biyu, Cesare Cantù da Marco Malfi Chindemi, suka naɗi kusan awa 400 na shirye-shiryen RAI da na Mediaset, kamfanin tashoshin Berlusconi, suka zauna suka kalla, suka tace. Kusan duk abin da ke cikin fim ɗin hoto ne da 'yan Italiya suka riga suka gani a falonsu. Dabarar tana wajen haɗawa. Hoton da ke wucewa cikin daƙiƙa biyu ana tafi da dariya, idan aka jera shi da ire-irensa, aka ɗora murya mai sanyi tana tambaya, sai ya daina ba da dariya. Ga mace an cusa ta ƙarƙashin tebur mai kama da gilashi kamar ƙafar tebur. Ga wata an rataye ta a tsakanin cinyoyin naman alade, an buga mata hatimi a jiki. Ga kyamara tana ɗauka daga ƙasa, tana hawa daga ƙafa, ba ta damu da bakin mai magana ba.

Sashen da ya fi nauyi kuwa shi ne na fuska. Zanardo ta jera fuskokin matan talabijin da suka manyanta: leɓe a kumbure, goshi a miƙe ba ya motsi, kunci an cika shi. Hujjarta ita ce fuskar mace mai shekaru ta ɓace daga allo, alhali namiji yana tsufa a gaban kyamara da furfurarsa da tumbinsa ba mai cewa uffan. Ta tuno maganar da ake dangantawa da jaruma Anna Magnani, wadda ta hana mai kwalliya ɓoye mata tamojin fuska, domin ta ce rayuwa guda ta kashe kafin ta same su.

Fim ɗin ya faɗo a kan gaɓa. A wannan shekarar ce Veronica Lario, matar Berlusconi wanda a lokacin shi ne firaminista, ta fito fili ta soki shirin jam'iyyarsa na tsayar da 'yan matan talabijin takarar majalisar Turai. An saka fim ɗin kyauta a intanet, aka fassara shi zuwa harsuna da dama. A 2010 kamfanin Feltrinelli ya buga littafin Zanardo mai sunan fim ɗin, ranar 13 ga Fabrairun 2011 kuma mata suka cika dandalin biranen ƙasar suna zanga-zangar kare mutuncinsu.

Suka ma ta zo. Masu shirin Striscia sun ce nasu ba'a ce, kuma jaridun da ke yabon Zanardo su ma da jikin mata suke jawo masu karatu. A nan suna da ɗan gaskiya. Wasu 'yan gwagwarmayar mata sun ce fim ɗin ya raba mata gida biyu, na kirki da na banza, bai kuma ba 'yan matan da ya nuna damar magana ba. Wannan raunin kowane fim ne da aka gina da hotunan wasu: wanda ya yanka shi ke da ma'ana.

A 2012 majalisar dokokin Italiya ta haramta dashen ƙarin nono don ado ga yarinyar da ba ta kai shekara 18 ba, da tarar Yuro 20,000 ga likitan da ya saɓa. A 2013 RAI ta ƙi watsa gasar sarauniyar kyau ta Miss Italia, gasar ta koma tashar La7. Ita Zanardo ba ta bi da jerin finafinai ba. Ta koma makarantun sakandare da shirinta na Nuovi occhi per la TV, inda ake tsayar da hoto a allo ana koya wa ɗalibai su duba inda aka ajiye kyamara da wanda aka ba makirufo.