Fitilar taurari da na'urar sauti: shin suna sa jariri barci?

A shagunan kayan jarirai na Sabon Gari da PZ a Zariya, yanzu ba ka rasa ganin wasu 'yan na'urori biyu a jere da bahon wanka da gidan sauro. Ɗaya fitila ce mai haska hoton wata da taurari a silin, ɗayar kuma sauti take fitarwa mai kama da zubar ruwan sama. Wani lokaci a haɗe suke a jiki ɗaya. Har a kayan barka ana kawo su. Ga tambayoyin da masu jego suka fi yi a kansu.

Da gaske ne wannan "shhh" ɗin yana sa jariri barci, ko dai dabarar 'yan kasuwa ce?

Yana yi, musamman a watannin farko. Jariri bai saba da shiru ba, domin a ciki yana jin bugun zuciyar uwa da gudun jini dare da rana. Shi ya sa kaka ke ɗora jariri a kafaɗa tana jijjiga shi tana "shhh" a gefen kunnensa. Abin da na'urar ke kwaikwaya ke nan. A 1990 an gwada a Ingila da jarirai 40 'yan kwana biyu zuwa bakwai: cikin 20 da aka kunna wa sautin, 16 sun yi barci cikin minti biyar, cikin 20 da ba a kunna wa ba kuwa biyar ne kawai suka yi.

Amfaninsa na biyu shi ne rufe ƙarar da ke zuwa kwatsam. Gidan yawa ba ya rabuwa da bugun ƙyaure, da daka, da tashin janareton maƙwabci, da babur da ya shigo zaure. Abin da ke firgita jariri shi ne ƙara ta faɗo cikin shiru. In akwai sauti mai ɗorewa a ƙasa, sai ta saje.

Wane sauti zan zaɓa? Tawa tana da kusan ashirin.

Mai tafiya bai ɗaya, ba hawa ba sauka: ruwan sama, ko iskar fanka. Kukan tsuntsaye da kiɗa suna jan hankalin yaro, sai ya kasa kunne maimakon ya saki jiki. Ki kuma saurari sautin na minti biyu kafin ki saya. Masu arha ɗan gajeren sauti ne aka naɗa yake maimaita kansa, kuma a wurin da ya koma farko ana jin ɗan tsinkewa ko "ƙat". Wannan kaɗai ya isa ya tada mai barcin da bai yi nisa ba.

Ba zai lalata masa kunne ba?

Zai iya, in an yi ganganci, kuma nan ne ya kamata a fi natsuwa. A 2014 likitoci a Toronto ta ƙasar Kanada sun auna irin waɗannan na'urori guda 14 an ƙure musu murya. A nisan santimita 30, wato kamar an rataya ta a jikin gadon jariri, dukansu sun haura desibel 50 a ma'aunin ƙarfin sauti, wanda shi ne iyakar da ake bi a ɗakin jarirai na asibiti. Uku daga ciki sun wuce desibel 85, ƙarar da ko babba a masana'anta ake iyakance masa awannin zama cikinta. Ramin kunnen jariri ƙarami ne, ba kuma zai iya ce miki "Mama, a rage" ba.

Saboda haka abu uku. Ki ajiye ta nesa, aƙalla mita biyu daga kansa, kamar taku uku na babba. Kada ta shiga cikin gidan sauro, kada a ɗaure ta a gado ko da an yi mata igiyar ratayewa. Ki rage murya zuwa ƙasa-ƙasa, sannan ki kai kanki daidai inda kansa yake ki saurara: in maigida ya yi magana a hankali daga bakin ƙofa ba ki ji ba, ta yi ƙarfi. Manhajar auna sauti ta waya tana taimakawa, sai dai ƙiyasi take yi. Na uku, ki yi amfani da maɓallin lokaci, minti 30 ko 60, ta kashe kanta bayan barci ya kama shi. In unguwarku ce mai hayaniya har tsakar dare, a bar ta amma a can ƙasa.

Yana cikin tsala kuka ba zai ji ta ba, kuma kuskure ne a ƙure murya don ta danne kukan. Ki ɗauke shi, ki lallashe shi, ya yi shiru tukuna.

To fitilar taurarin fa?

Ita amfaninta bai kai na sautin ba, gaskiya. Sabon haihuwa ba ya gani da kyau fiye da santimita 20 zuwa 30, nisan fuskar uwa lokacin shayarwa, don haka taurarin silin ba su dame shi ba. Wanda ya kai wata huɗu zuwa sama kuwa yana ganinsu sarai, kuma in suna juyawa suna canza launi, sai ya buɗe ido yana bin su yana wutsil-wutsil da ƙafa. Kin kunna masa abin kallo ke nan a lokacin barci.

Akwai kuma batun launi. Da duhu jiki ke sakin sinadarin melatonin mai kawo barci, kuma wajen wata biyu zuwa uku ne jariri ke fara rarrabe dare da rana. Haske fari ko shuɗi yana danne wannan sinadari, ja ko ruwan goro mai rauni bai cika taɓa shi ba. In za ki yi amfani da fitilar, ki tsayar da juyawar, ki zaɓi ja, ki kunna minti 10 zuwa 15 lokacin da kike shafa masa mai da sa kayan barci, sannan ki kashe. Yaron da ya kai shekara biyu ya fara tsoron duhu ya fi jariri cin moriyarta.

Wadda ke fitar da ƙananan ɗigo kore masu kaifi, hasken leza ne. Kada ta shiga ɗakin yara, domin mai rarrafe zai ɗauka ya leƙa cikinta.

Da dare ina buƙatar haske don shayarwa da canza kunzugu.

Ƙaramar fitila ja a ƙasa, bayan kujera ko gefen durowa, ta wadatar. Tocilan ɗin waya ya yi haske da yawa, yana wartsakar da ku duka biyu. Kyandir da fitilar kananzir kusa da gidan sauro kuwa, a guje su gaba ɗaya. Yadin yana kamawa nan take.

Wutarmu ba ta tsayawa. Wace iri ta fi dacewa?

Mai batirin caji da ake caja ta da wayar USB. Wadda sai an jona ta a soket, da an ɗauke wuta za ta yi tsit, an dawo da ita kuma wasu sukan tashi da kiɗa da cikakkiyar murya da ƙarfe biyun dare. Ki gwada a shago: a cire ta a mayar, a ga ko tana tuna inda aka bar ta. A yi caji da rana a kan tebur, ba a kan katifa ba, ba kuma a bakin taga ba a zafin Maris da Afrilu. Batirin da ya kumbura ko yake zafi a hannu, an gama da shi. Wayar caji ta yi nesa da inda hannun yaro zai kai, don tana iya naɗe masa wuya.

Ki juya bayanta ki duba murfin batir, ya zama da sukurun ɗaurewa. Ƙaramin batir mai kama da kwabo, irin na rimot, in yaro ya haɗiye shi yana ƙona maƙoshi cikin awa biyu. Wannan sai asibiti nan take, ko da yaron yana wasansa.

Masu siffar 'yar tsana mai laushi suna da kyau a ido, amma wurinsu kan durowa. Shimfiɗar jariri ɗan ƙasa da shekara ba a sa mata matashi ko 'yar tsana ko bargo mai kauri, kuma rigingine ake kwantar da shi.

Dole sai na saya?

A'a. Fankar caji da aka juya ta ga bango tana ba da irin wannan sauti. Tsohuwar waya ma ta yi, in an saukar da sautin an sa ta a yanayin jirgin sama don kada kira ya shigo, an kife fuskarta, an kuma kiyaye nisan nan na mita biyu.

Ba zai saba har ya kasa barci sai da ita ba?

Zai saba, kamar yadda yake sabawa da goyo. Yaye shi ba wuya: a riƙa rage murya kaɗan duk bayan dare biyu ko uku, cikin mako biyu an kashe.

Na kunna komai, har yanzu yana tashi yana kuka.

Sabon haihuwa kan tashi duk bayan awa biyu zuwa uku don ya sha nono, kuma haka ake so. Kada a nemi na'ura ta hana shi. Ki duba yunwa, da kunzugu, da gyatsa, da cizon sauro. Ki taɓa bayan wuyansa: in da gumi, kaya sun yi yawa, abin da ake yawan yi da hunturu. Amma in jikinsa ya kai digiri 38 alhali bai cika wata uku ba, ko ya ƙi kama nono, ko numfashinsa na sauri haƙarƙari na shiga ciki, ko barcin ya yi nauyin da ba ya tashi shan nono, a kai shi asibiti mafi kusa ko Asibitin Koyarwa na Shika a daren, kada a jira gari ya waye.