Fari a filayen noma da kiwo na yammacin Kanada

Shimfiɗaɗɗun filayen ciyawa da ake kira Prairie sun mamaye kudancin lardunan Alberta, Saskatchewan da Manitoba, kuma daga nan mafi yawan alkama da kanola (wani tsiro da ake tatsar man girki daga ƙwayarsa) na Kanada ke fitowa. Wurin da ya fi bushewa shi ne kudu maso gabashin Alberta da kudu maso yammacin Saskatchewan, inda ruwan shekara ba ya wuce milimita 300 zuwa 400. Ana kiran wannan yanki da sunan John Palliser, wani Bature mai binciken ƙasa wanda ya soma zagaya shi a 1857, ya ce bai dace da noma ba. Fari mai tsanani ya auku a shekarun 1930, sannan a 1961, 1988, 2001 zuwa 2002, da 2021.

Tun kafin a yi shuka ake gane shekarar fari. Danshin da tsiro zai tashi da shi a watan Mayu daga ruwan kaka da dusar ƙanƙarar hunturu yake zuwa, shi ya sa manoma ke barin tushiyar alkama a tsaye bayan girbi don ta tare dusar, su kuma shuka ba tare da huɗa ba. Idan Yuni da Yuli suka zo ba ruwa, alkama takan yi gajarta, zangarniya ta ƙanƙance, ƙwaya ta motse. Kanola ta fi rauni: zafin da ya kai digiri 30 lokacin fure yana kakkaɓe furen kafin ya ƙulla kwanso. Fara kuma ta fi yaɗuwa a busasshiyar shekara. A 2021 alkamar Kanada ta ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku.

Duk da haka mai hatsi yana da inshorar amfanin gona, kuma ruwan shekara ɗaya na iya tayar da shi. Mai shanu ne fari ke daɗewa a jikinsa. Ciyawar makiyaya tana yin yawancin girmanta kafin farkon Yuli, don haka ruwan Agusta ba ya gyara komai sai launin fili. Ga hunturu mai tsawo, inda ake ciyar da dabba a hannu wata 5 zuwa 6, kuma saniya mai nauyin kilo 600 tana cin ingirici kusan kilo 15 a kullum. Idan ingirici ya yi tsada, sai a yaye maruƙa da wuri, a fara sayar da tsofaffin shanu da waɗanda ba su ɗauki ciki ba. Mayar da garke yadda yake kuwa sai an ɗau shekaru, domin karsana ba ta haihuwar fari sai ta shekara 2. A 2002 manoman gabashin ƙasar sun aika wa makiyayan yamma ingirici ta jirgin ƙasa.

Akwai haɗari biyu da ido ba ya gani. Na farko, gonar hatsin da ta lalace akan yanke ta a ba shanu, amma tsiron da fari ya takura yana tara sinadarin naitiret, wanda ke hana jini ɗaukar iska har dabba ta faɗi. Sai an gwada a ɗakin bincike, a gauraya da wani abinci. Na biyu shi ne ruwan sha. Garkuna da yawa sun dogara da tafkunan da aka haƙa don tara narkakkiyar ƙanƙara, waɗanda hukumar farfaɗo da noma da aka kafa a 1935 ta taimaka aka haƙa da dama daga cikinsu. Yayin da rana ke ƙafar da tafki, gishirin salfet na ƙaruwa. Idan ya haura miligiram 1,000 a lita yana hana jikin dabba amfani da sinadarin jan ƙarfe da yake buƙata, idan ya ninka haka sau da yawa yana taɓa ƙwaƙwalwa. A Yulin 2017 shanu kimanin 200 sun mutu a wata makiyaya kusa da Shamrock a Saskatchewan saboda irin wannan ruwa da ƙishirwa.