Wai me ake nufi da mandamus ne?

Jiya bayan la'asar a Agege wani dattijo ya zaro takardunsa daga cikin leda yana nuna mana, duk sun yi laushi saboda yawan ninkewa, wata takwas kenan yana zarya ofis ana ce masa oga bai sa hannu ba. Wallahi abin ya taɓa ni. Wani matashi mai karatun lauya ya ce Baba ai akwai mandamus, sai muka yi zuru muna kallonsa.

Kalmar ta Latin ce, ma'anarta "mun umarta", daga dokar Ingila muka gaje ta. Oda ce da babbar kotu ke bai wa jami'in gwamnati ko hukuma cewa tashi ka yi aikin da doka ta ɗora maka. Amma fa sai aikin ya zama wajibi ne a doka, ba wanda aka bar wa jami'in zaɓi ba, kuma nan ne mutanenmu ke rikicewa, kotu za ta iya tilasta masa ya duba fayil ɗinka ya yanke hukunci amma ba za ta ce dole hukuncin ya yi maka daɗi ba.

A nan Legas aka yi shari'ar da lauyoyi ke kafa hujja da ita har gobe. Bayan bam ɗin da aka aiko cikin ƙunshi ya kashe ɗan jarida Dele Giwa a Ikeja ranar 19 ga Oktoba 1986, lauya Gani Fawehinmi ya nemi kotu ta tilasta wa daraktan gurfanar da ƙara na jihar ya fito ya faɗa, zai gurfanar da waɗanda ake zargi ko ba zai yi ba. Aka ce ina ruwansa, shi ba ɗan'uwan mamaci ba. A 1987 Kotun Ƙoli ta ce yana da hurumi.

Haka ma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, kwana 7 ta ba hukuma ta amsa maka in ka nemi bayani a wurinta, in ta hana ka kana da kwana 30 ka garzaya kotu.

To amma alƙali ba ya aiki da "na je sun kore ni". Sai ka nuna ka nema a rubuce sun ƙi ko sun yi biris, sannan lauyanka ya fara neman izinin kotu kafin a shiga shari'ar, kuma in ka yi jinkiri lokaci zai kuɓuce maka. Shi ya sa matashin nan ya ce, Baba gobe a rubuta wasiƙa kwafi biyu, ka miƙa ɗaya, ɗayar su buga maka hatimi da kwanan wata ka dawo da ita cikin ledar nan.