Manhajar gano kutse a kan ƙaramar saba: ga amsoshin, don Allah a daina maimaita min tambaya ɗaya

Ina da VPS (ƙaramar sabar haya a intanet) mai RAM 1GB, zan iya saka manhajar gano kutse ta Wazuh?

A'a. Ejen ɗinsa, wato ƙaramin ɓangaren da ke tattara bayanai ya tura wa babbar saba, shi kaɗai zai zauna lafiya, amma cikakken Wazuh da indexer ɗinsa (ma'ajiyar bayanansa) da ke gudu kan Java, gigabait da yawa yake ci. Kar ma ka gwada.

Snort ko Suricata, wanne ya fi?

Kullum sai an turo min wannan. Aikinsu ɗaya ne, suna leƙa duk abin da ke shiga da fita ta netwok suna gwada shi da dokoki. Snort tsohon hannu ne, Martin Roesch ya rubuta shi a 1998, yanzu yana hannun Cisco. Suricata ta fito a 2010 kuma abin da aka fi yaba mata shi ne raba aiki kan core da yawa. Kai mai core ɗaya ina ruwanka da wannan?

Na buɗe auth.log, fayil ɗin da ke rubuta duk yunƙurin shiga saba, na ga dubban yunƙurin shiga, an yi min kutse kenan?

Kwantar da hankalinka malam, ba kai ake nema ba. Bot ne ke zagaye intanet dare da rana suna ƙwanƙwasa ƙofar SSH ta kowa, wato hanyar shiga saba daga nesa, da root da admin da kalmomin sirri na banza. Layukan da suka ce Failed ba su ne abin tsoro ba. Nemi wanda ya ce Accepted daga adireshin da ba ka sani ba, wannan ne zai hana ka barci.

To me zan fara sakawa?

Kashe shiga da kalmar sirri tukuna, ka koma makullin SSH, ka mayar da PasswordAuthentication zuwa no. Sannan fail2ban. Shi log kawai yake karantawa, ya ga adireshi ya cika kuskure ya toshe shi a firewall, RAM ɗin da yake ci kaɗan ne. Wanda bai yi waɗannan biyun ba yana tambayata Suricata, wallahi ɓata min lokaci yake.

RAM ɗina 2GB, gidan yanar gizona da MySQL duk suna kai, kuma dai ina son Suricata. Zai yiwu?

Zai yiwu, amma da sharuɗɗa, kuma ba zan rantse maka ba don ya danganta da yawan masu shigowa shafinka. Abin da ke cinye RAM tun kafin komai ya wuce shi ne dokokin. Idan ka ja tarin dokokin Emerging Threats Open da manhajar suricata-update za ka samu dokoki dubu goma-goma, lodinsu kaɗai sai ya haɗiye ɗaruruwan megabait, kuma rabinsu ba su shafe ka ba, me saba ta Linux za ta yi da dokokin ActiveX ko na wasanni ko na injinan masana'anta? Buɗe disable.conf ka kashe rukunan da ba naka ba. Sannan ka sani lokacin da Suricata take sabunta dokoki ba tare da ta tsaya ba, tsofaffin da sababbin suna zama a RAM tare na ɗan lokaci, to a nan ne mutane ke faɗuwa, kernel ya ga wuri ya cika ya kashe wanda ya fi ci, sau da yawa kuma MySQL ne ke tafiya, ka wayi gari shafi ya mutu kana zargin masu kutse alhali kai ka kashe kanka. Sa wa Suricata iyakar RAM da MemoryMax a systemd, ka ƙara swap (wurin disk da ke tallafa wa RAM) ko da 1GB ne, in za a kashe wani gara ita.

Kar ka fara da yanayin toshewa. Bar ta tana kallo kawai da af-packet na wasu makonni. Idan ka kunna toshewa ta NFQUEUE, inda duk zirga-zirga sai ta bi ta cikinta, ba ka sa queue-bypass ba, ranar da ta faɗi duk zirga-zirgar ta tsaya, har da SSH ɗin da za ka shiga ka gyara. Ga kuma eve.json, log ɗin Suricata, yana kumbura ba ji ba gani, rage abin da take rubutawa ka haɗa shi da logrotate kafin ya cika maka disk.

Bayan duk wannan wahalar, in shafinka HTTPS ne, abin da ke ciki a rufe yake, Suricata ba ta ganin sa, sai dai sunan shafi da satifiket da makamantansu. Tana da amfani wajen kama sabarka tana kiran wani wuri da bai kamata ba, ban musa ba. Amma ni da sabata ce, log ɗin Nginx zan fi sa wa ido.

Fail2ban ya toshe ni da kaina!

Sa adireshinka a ignoreip cikin jail.local. In da datar waya kake shiga adireshin canzawa yake, don haka ka san inda console ɗin kamfanin VPS ɗinka, da ake shiga saba ta shi ba tare da SSH ba, yake tun kafin ranar. Kuma masu MTN da Airtel da yawa kan fito da adireshi ɗaya, ka toshe mutum ɗaya har abada ka kori kwastomomin da ba su ji ba ba su gani ba. Toshewar minti 10 da ya zo da ita ko ta awa ɗaya ta isa.

AIDE fa, mai lura da ko an taɓa fayilolin saba, yana da nauyi?

A'a, sai lokacin da yake duba fayiloli, sa shi a cron da tsakar dare. Amma ka kwafe database ɗinsa zuwa wata na'ura. Barin sa a kan sabar kamar ka rufe shago ne ka bar makulli a jikin kwado, wanda ya samu root zai gyara shi ya dace da ɓarnarsa. Log ma haka, tura su waje da rsyslog.

Na saka komai, yanzu na tsira?

Yaushe rabonka da apt upgrade? Je ka yi shi tukuna.