Mene ne "lab-gilas" da ake faɗa a gareji?

Duk wanda ya taɓa kai mota gareji a Garwa ko Marwa ya san rabin sunayen kayan mota a bakinmu Faransanci ne da harshe ya lanƙwasa. "Lab-gilas" na cikinsu. Asalinta lave-glace, wato mai wanke gilashi. Mutane da yawa suna haɗa ta da "esuwi-gilas", abin da 'yan'uwanmu na Najeriya ke ce wa waifa, alhali kowanne da aikinsa. Waifa hannu ce mai sharewa. Lab-gilas kuwa duk kayan da ke kawo ruwa kan gilashin ne: tulun roba da ke ƙarƙashin bonet, ɗan famfon da ke manne a gindinsa, siririn tiyo, sai 'yan hancina biyu masu fesawa, waɗanda makanikai ke kira "jiklar".

In ka ji makanike ya ce "lab-gilas ɗinka ya mutu", yawanci famfon yake nufi. Ɗan ƙaramin abu ne da bai cika tafin hannu ba, mota ce ta lantarki mai aiki da wutar batir ta bolt 12, da 'yar farfela a ciki tana tura ruwa. Tsofaffin motoci da dama ma ba su san wannan ba. Wasu da ƙafa ake taka wata roba ruwa ya fito, wasu da yatsa ake dannawa. Tsohuwar Volkswagen Beetle kuwa iskar tayar safaya ce ke tura mata ruwan, dabarar da har yau take burge ni.

Na koyi wannan duka ne a kan Peugeot 504 ta mahaifina, Fijo ɗin nan da ta fito a Faransa a 1968, aka kuma yi shekaru ana haɗa ta a Kaduna. Ruwanta ya ɗauke, na je da niyyar sayen sabon famfo. Dattijon makaniken ya dube ni ya ce, "Ɗana, bari mu ji ta bakinsa tukuna." Ya sa yaronsa ya danna, shi kuma ya kara kunne a jikin tulun. Sai ga 'yar ƙara, zuuu. Ya ce, "Da ransa. Hanya ce ta toshe."

Gyaran ke nan a taƙaice, kunne ake fara sawa kafin hannu. In famfo ya yi shiru, a duba fis, a duba bakin wayoyin nan biyu, domin tsatsa kan cinye su, musamman wayar da ke komawa jikin ƙarfen mota. In yana ƙara amma ba ruwa, sai a bi hanyar ruwan ɗaya bayan ɗaya. Da ya zare famfon daga robar da ke riƙe shi, 'yar rariyar bakinsa ta cika da wani farin tabo mai yauƙi. Garin sabulun wanki ne da muke zubawa muna ganin gata muke yi wa motar, ya haɗu da gishirin ruwan rijiya ya daskare. Tiyon ma zafin Garwa, da kan wuce digiri 40 a watan Maris da Afrilu, ya busar da shi har ya tsage a lanƙwasa. Abin da ke ƙona famfo da gaske shi ne a yi ta dannawa tulu babu ruwa, don ruwan ne ke sanyaya shi.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke ɗaukar lab-gilas kamar kayan ado. Mota za ta shekara ba ya aiki, ba wanda ya damu. Alhali ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele na Chadi a kanmu take fara sauka. Direba ya kama hanyar Marwa zuwa Kuseri, babbar mota ta bule shi da ƙura, ya kunna waifa a busasshen gilashi, yashin nan ya yi ta kartar gilashin kamar da sandifefa. Da rana ba ka ganin zanen. Sai dare ya yi, fitilar mai zuwa ta dake shi, haske ya watsu, mai babur ko jaki da ke gefen hanya ya ɓace maka.

Ranar nan bai sayar mini da komai ba sai guntun tiyo. Ya wanke tulun da ruwan ɗumi, ya hura rariyar, ya cika shi da ruwa mai tsabta. Sannan ya zaro allura daga hularsa ya sa a hancin jiklar, ya ɗan karkata shi a hankali, yaron yana dannawa, har ruwan ya daina tsallake rufin mota ya koma sauka a tsakiyar gilashi, daidai inda idon direba yake.